Kol da dare, ziyara shida da safe: haka ake yi a ko'ina?

Maman Hanif, Ohayo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu aikin jinyar gida a nan Amurka, don Allah ku ba ni haske, abin ya fara fin ƙarfina.

Wata tara ke nan da na bar asibiti na koma bin majinyata gidajensu. Saboda yara na yi hakan. An ce mini aikin rana ne, Litinin zuwa Juma'a, kol kuma, wato riƙe wayar kiran gaggawa bayan an tashi aiki, jefi-jefi. Lokacin da na shiga mu bakwai ne nas-nas a reshenmu, kol yana zagayowa kan mutum mako ɗaya cikin bakwai. Uku sun tafi, ba a ɗauki kowa ba, yanzu saura mu huɗu. Mako ɗaya cikin huɗu wayar tana hannuna daga biyar na yamma zuwa takwas na safe, Asabar da Lahadi kuma dare da rana. Dala 2 ake biyana a kan kowace awa ta riƙe wayar.

Aikin rana da maki ake auna mana shi. Ziyarar yau da kullum maki 1, karɓar sabon majinyaci maki 2 da rabi, sabunta masa rajista maki 1 da rabi. Ana son maki 30 a mako. Makon da kike kan kol ba a rage miki ko rabin maki.

Daren Talatar da ta wuce, ƙarfe ɗaya da rabi, wata tsohuwa ta kira tana kuka. Robar fitsarin mijinta ta toshe, tun magariba ko ɗigo bai sauka a jaka ba, mara ta kumbura. Mil 34 ne tsakaninmu, ga dusar ƙanƙara. Na je na canja robar, jaka ta cika nan take, tsohon ya sauke ajiyar zuciya, barci ya ɗauke shi tun ban gama haɗa kayana ba. Wannan tafiyar ban yi baƙin cikinta ba, don irinta na karanta aikin. Na dawo gida huɗu saura, na rubuta rahoto, aka kira asuba, na shirya yara. Takwas da rabi ina ƙofar gidan mai ciwon suga. Ziyara shida ranar. A gida na biyar sau uku ina karanta takardar magungunan matar, idona yana gani amma kaina ba ya ɗauka. A hanyar dawowa gyangyaɗi ya sace ni, ƙarar tayoyi a gefen titi ce ta farkar da ni.

Haka ake yi a wurarenku? Ko ni ce ban saba ba?

Hajiya Babba, Teksas

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin a yi nisa, yaya ake biyanki? Da awa, ko albashi tsayayye, ko kuɗin kowace ziyara? Kuma idan kin fita da dare, me ake ba ki a kan fitar?

Maman Hanif, Ohayo

Albashi ne tsayayye, Hajiya. Idan na wuce maki 30 ana ba ni ƙari a kan kowane maki. Fitar dare maki 1 ake lissafa ta, daidai da ziyarar ƙarfe goma na safe. Kuɗin mota senti 45 a kan mil.

Baban Sadiq, Minesota

Subhanallah. Maman Hanif, ba rashin sabo ba ne. Shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, rabinsu a jinyar gida, rabi wajen kula da waɗanda ciwonsu ya zo ƙarshe, kuma wanda ya ce miki jiki yana sabawa da rashin barci bai gaya miki gaskiya ba. Abin da mutum yake sabawa da shi shi ne daina lura da kurakuransa.

Ina da tambaya ɗaya. Ranar Asabar da Lahadin kol ɗinki, kiran gaggawa kawai kike jira, ko ana jera miki aiki tun Juma'a?

Maman Hanif, Ohayo

Ana jerawa, Yaya. Makon da ya wuce sababbin majinyata biyu ranar Asabar, ɗaya ranar Lahadi, ga wankin ciwo uku da ba sa jiran Litinin. Duk da wayar a aljihuna.

Baban Sadiq, Minesota

To a nan gizo yake saƙar. Wannan ba kol ba ne, ranakun aiki ne guda biyu aka saka musu rigar kol. Abin da aka sani tun Juma'a da rana cewa za a yi shi ranar Asabar ba gaggawa ba ne. Kin yi Litinin zuwa Juma'a, kin yi Asabar da Lahadi, kin sake shiga Litinin zuwa Juma'a, kwana goma sha biyu ke nan a jere. Duk wanda ya taɓa cike takardar OASIS, wato takardar tantance yanayin majinyacin gida da gwamnati ta wajabta, ya san karɓar majinyaci ɗaya tana cin awa ɗaya da rabi ko biyu a cikin gidan, sannan wasu awa biyun a gaban kwamfuta, musamman tun da aka fito da sabon fasalinta a farkon 2023 da ƙarin tambayoyi a kan tunani da yanayin rayuwar mutum. Uku a ƙarshen mako ɗaya, ina hutun yake?

Hajiya Babba, Teksas

Baban Sadiq, ban musa maka ba, amma bari in faɗi yadda abin yake daga kujerar da nake kai, tun da yanzu ni nake tsara jadawali a wurinmu, bayan shekara goma sha huɗu ina yawo da jaka a bayan mota.

Sababbin majinyatan Asabar ba mugunta ce take kawo su ba. Ƙa'idar Medicare ce, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka: idan aka turo mana mutum, sai an kai masa ziyarar farko cikin awa 48 da turowar ko da komawarsa gida, sai fa idan likita ya sa wata rana. Asibitoci kuwa kowa ya san Juma'a da yamma suke son sallamar mutane. Wanda aka sallama Juma'a ƙarfe huɗu, awa 48 ɗinsa ta ƙare Lahadi ƙarfe huɗu. Ba zai jira Litinin ba. Haka wanda yake hannunmu aka kwantar da shi asibiti ya dawo, shi ma kwana biyu ne. Kuma ba kowa ke iya wannan ziyarar ba. Ƙaramar nas mai lasisin LPN za ta yi wankin ciwo, amma ba za ta cike OASIS ba. Don haka nauyin yana komawa kan 'yan tsirarun manyan nas-nas masu lasisin RN.

Sannan ga maganar kuɗi. Tun 1 ga Janairun 2020 Medicare ta daina biya a kan kwana 60, ta koma kwana 30. A cikin kowane kwana 30 akwai adadin ziyarar da in ba a kai shi ba, gwargwadon ciwon mutum, ba za a biya cikakken kuɗin ba, sai na ziyarar da aka yi kawai. Shi ya sa za ki ga ofis yana rawar jiki idan nas ta ce za ta ɗaga ziyara zuwa gobe. Wani lokaci goben ta faɗa wani zangon kwana 30 ɗin daban.

Ban faɗi wannan don in wanke shugabannin Maman Hanif ba. Na faɗa ne don ta san abin da za su kare kansu da shi idan ta shiga ofis.

Baban Sadiq, Minesota

Hajiya, duk abin da kuka faɗa haka yake. Amma ai shi ne hujjata. Tun da an san kowace Juma'a za a sallamo mutane, to aikin ƙarshen mako sananne ne kamar fitowar rana. Sanannen aiki ma'aikaci ake ɗaukar masa. Inda na fara aiki akwai wata baiwar Allah da aikinta ke nan, Juma'a zuwa Litinin, ita take karɓar sababbi, mai kol kuma yana jiran waya kawai. Ita ma tsarin ya yi mata daidai saboda karatu take yi a tsakiyar mako. Kamfanin da ya ce ba shi da kuɗin wannan, ya lissafa abin da tafiyar nas uku ta jawo masa.

Ɗan Gwale, Kano

Ni dai ina karantawa ina jinjina kai. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Anti, ke ana ba ki dala 2 a kan riƙe waya, ana biyan ki kuɗin mota. Mu nan nas ɗaya ko biyu ne a ɗaki mai gado talatin a dutin dare, wani lokaci da fitilar waya muke neman jijiya. In na dawo gida kuma kol ɗin unguwa ya fara. Ƙarfe biyun dare za a buga ƙofa, Malam zo ka duba Inna, Malam ruwan da aka sa wa yaro ya tsaya. Ba sisi, kuma ba ka isa ka ce a'a ba don gobe a masallaci za ku haɗu. A ganina ki gode wa Allah ki yi haƙuri. Wasu neman hanyar zuwa inda kike suke yi ido rufe.

Sista Uwa, Manchesta

Malam, Allah ya saka muku da alheri a kan abin da kuke yi, ni ma shekara takwas na yi a gida kafin in taho, na san fitilar wayar nan. Amma wahalarku ba ta mayar da tata daidai ba. Matar nan ta ce barci ya ɗauke ta a kan sitiyari. Ta ce ta karanta takardar magani sau uku ba ta gane ba. Da ta ba wa majinyaciyar maganin da ba shi ba, hukumar lasisi ba za ta tambaye ta awa nawa ta yi barci ba. Ku ma ai ba shiru kuka yi ba. Yajin aikin gargaɗin da ƙungiyar nas-nas ta Najeriya ta shiga a ƙarshen Yulin 2025, ba alawus ɗin duti da ƙarancin ma'aikata na cikin abin da aka yi shi a kai ba? Haƙuri daban, yin shiru a kan abin da zai kashe mutum daban.

Ɗan Gwale, Kano

Gaskiya ne Sista, na karɓa. Maman Hanif ki yafe ni, ban yi nufin raina abin da ya same ki ba. Gajiya ce ta yi magana, yanzu na sauko daga dutin dare.

Maman Hanif, Ohayo

Ba komai wallahi, Malam. Allah ya ba mu ladan duka.

Sista Uwa, Manchesta

Bari in faɗa muku yadda yake a nan Ingila, ko za a samu abin ɗauka. Ni ina cikin nas-nas na unguwa a ƙarƙashin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, awa 37 da rabi a mako. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ce ma'aikaci yana da haƙƙin hutun awa 11 a jere tsakanin tashi daga aiki da komawa, kuma in an katse masa hutun saboda kira, sai a rama masa. A yankinmu ma ba mai aikin rana ne yake riƙe wayar dare ba, akwai ayarin yamma da ayarin dare daban. In na tashi na tashi.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Namu ciwon yawan gidaje ne. Ranar da aka yi rashin mutum za ki buɗe kwamfutar hannu ki ga gida goma sha huɗu, goma sha biyar. Masu insulin duk safe suke so kafin karin kumallo, ba wanda za a ce ya jira. Ga masu na'urar tura maganin ciwo a hankali, wadda in ta ƙare sai an sake cika ta a kan lokaci. Abincin rana a mota, rubutu a mota. Amma wancan abu ɗaya, wato wanda ya fita da dare ba ya buɗe ƙofar kowa da sassafe, shi ne na ga ya kamata ki riƙe ki tafi da shi ofis.

Baban Sadiq, Minesota

Sai dai ta sani, a nan Amurka dokar tarayya ba ta ba ta wannan awa 11 ɗin ba. Dokar ƙwadago ta 1938 maganar obataim take yi: abin da ya haura awa 40 a mako a biya ninki ɗaya da rabi. Zaman jiran waya a gida, in kina da 'yancin yin harkokinki, galibi ba a lissafa shi awannin aiki. Lokacin da kika ɗaga wayar kina ba da shawara, da wanda kika fita, wannan aiki ne. To amma RN da ke kan tsayayyen albashi ana iya sa ta cikin waɗanda obataim bai shafa ba, kuma ina zargin nan aka ajiye ki. Inda ake samun rikici shi ne idan an cakuɗa, wani abu a biya da ziyara, wani da awa. Ni ba lauya ba ne. Ki nemi takardar da kika sa wa hannu ranar ɗaukar aiki da kundin ƙa'idojin kamfani ki karanta sashen kol, in kin ga abin da bai gamsar da ke ba ki kira ofishin ƙwadago, tambaya kyauta ce.

Kuɗin mota kuma, abin da hukumar haraji ta tsayar na 2025 senti 70 ne a kan mil. Ba dole ne kamfani ya biya hakan ba, amma ki san tazarar da ke tsakaninsa da 45 ɗinki, don daga aljihunki take fita, a taya da birki da mai.

'Yar Damagaram, Karolina ta Arewa

Salamu alaikum. Ni ba nas ba ce, mataimakiya ce a gidan tsofaffi, amma ina so in yi magana a matsayin mai kiran wayar. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, aka sallamo mana shi da robar abinci a ciki. Makon farko sau huɗu na kira da dare. Yanzu in na tuna, uku daga ciki ba su kai a tashi mutum ba. Tsoro ne. An sallame mu da tulin takardu cikin Turanci, mahaifiyata ba ta karantawa, ni kuma ina wurin aiki lokacin da nas take zuwa.

Wadda ta gyara mana ita ce wata da ta zo ranar Alhamis ta zauna. Ta sa na wanke robar da ruwa a gabanta har sau biyu da hannuna. Ta ɗauki farar takarda ta raba uku: wannan in kin gani ki kira lambar gaggawa ta 911 kada ki jira ni, wannan ki kira layinmu ko ƙarfe nawa ne, wannan ki rubuta ki ajiye sai na zo. Na fassara wa Inna da Hausa muka manna a jikin firji. Daga ranar sau ɗaya muka sake kira cikin wata biyu. Ziyarar ta kai awa ɗaya da kwata. Ban san maki nawa aka ba ta ba.

Maman Hanif, Ohayo

Maki ɗaya, 'yar uwa. Daidai da wadda ta shiga ta auna jini ta fita cikin minti ashirin. Kin taɓo inda yake mini ciwo. Na san yawancin kiran da nake samu da dare a ziyarar rana aka haife su. In ina gudun cika maki 30, ba na zama in koyar. In ban koyar ba, waya ta yi ƙara ƙarfe biyu. In ta yi ƙara, gobe na fi jiya sauri. Tsohuwar nan ta daren Talata, da an nuna mata tun farko ta riƙa duba jakar kafin magariba, ta ga ko robar ta lanƙwashe, da ƙarfe bakwai za ta kira, ba ɗaya da rabi ba, da mijinta bai sha azabar awa shida ba.

Hajiya Babba, Teksas

To ƙanwata, ga shawarata, kuma daga wadda ake kawo wa irin wannan ƙorafin take fitowa. Kada ki shiga ofis da "na gaji". Kowa ya gaji, za a ba ki haƙuri a rako ki ƙofa. Ki shiga da takarda. Makon kol ɗinki mai zuwa ki rubuta kowane kira: ƙarfe nawa ya shigo, minti nawa kika yi a waya, kin fita ko ba ki fita ba, mil nawa, ƙarfe nawa kika dawo, ziyara nawa ke jiranki da safe. Ki sa sauran ukun su yi haka. Wata ɗaya ya isa. Kuma ku shiga tare, ku huɗun. Mutum ɗaya mai ƙorafi ne, huɗu kuwa su ne reshen gaba ɗaya.

Abin gyangyaɗin nan ki rubuta shi a rahoton abin da ya kusa zama haɗari, da kwanan wata. Ba don ki tona wa kowa asiri ba. In yana rubuce, ba wanda zai ce bai sani ba.

A wurinmu abin da muka yi, kuma sai da muka rasa mutane kafin mu yi hankali: mun daina ba mutum ɗaya mako cur, dare ɗaya-ɗaya ake karɓa, ƙarshen mako kuma a raba shi biyu. Wadda ta fita bayan sha biyun dare ba ta fara ziyara sai sha biyun rana, kuma ni nake nemo wanda zai ɗauki na safen, ba ita ba. Wadda ta yi Asabar da Lahadi tana da ranar hutu a cikin makon. Har yanzu akwai Juma'ar da nake rasa yadda zan yi in ɗauki jakata in fita da kaina.

Baban Sadiq, Minesota

Hajiya, dare ɗaya-ɗayan nan ni ban so shi ba da aka gwada mana. Da mutum huɗu, kusan kowane mako kana da dare biyu, ba ka taɓa jin ka fita daga kol. Na fi son in sha makona in huta uku. Amma na yarda wannan ya danganta da mutum, mai ƙananan yara ba zai so abin da nake so ba. Su huɗun su zauna su zaɓa. Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne rage maki a makon kol da fitar da sababbin majinyata daga cikinsa.

Sista Uwa, Manchesta

Kuma kafin a gyara komai, don Allah in kin ji idonki yana rufewa ki faka motar. Ki kira ofis ki ce ba za ki iya kaiwa gida na gaba lafiya ba. Su Hanif suna jiran ki.

Maman Hanif, Ohayo

Assalamu alaikum, na dawo da bayani tun da kun yi ta tambaya ta bayan fage. Mun yi rubutun na mako huɗu kamar yadda Hajiya ta ce. Da muka haɗa, mu kanmu mun yi mamaki: kira 41, goma ne kawai suka kai ga fita, kuma shida daga cikin goman robar fitsari ce. Jiya muka zauna da shugabar reshe mu huɗu.

An amince wadda ta fita bayan sha biyun dare ba za ta fara ba sai sha ɗaya na safe, ofis ne zai raba ziyarar farko biyu. Fitar dare ta koma maki 2. Mun kuma roƙa a bar mu mu ajiye robar canji da kayanta a gidan duk mai robar fitsari, mu koya wa iyalinsa abin dubawa tun ranar farko, an ce to.

Maganar ƙarshen mako ba a ba mu ba. Ta ce ta kai buƙatar ɗaukar nas ta Asabar da Lahadi sama, sai abin da suka ce. Makin mako ma yana nan 30. Ɗaya daga cikinmu ta ce in ba a ɗauki kowa ba zuwa ƙarshen wata mai zuwa za ta ajiye, kuma na san da gaske take. In ta tafi mun koma uku.

Hajiya Babba, Teksas

Alhamdulillah, an fara. Abin da aka amince ɗin ki tura mata saƙon imel yau ki jera shi, ki ce ta tabbatar, kada ya tsaya a baki. Ku ci gaba da rubuta kiran, kada ku daina don an ba ku wani abu.

Ɗan Gwale, Kano

Anti, don Allah turo mini yadda kuka tsara takardar rubuta kiran. Ina so in gwada irinta a ɗakinmu, mu rubuta majinyata nawa kowace nas take kwana da su a dutin dare, mu kai wa Matron ƙarshen wata.

Maman Hanif, Ohayo

Zan turo maka in na tsaya, Malam. Yanzu ina ƙofar gida na huɗu, saura biyu, kuma yau wayar tana hannuna.